Na Shiga Soja Ban San Ɗanɗanon Giya Ba

Assalamu alaikum. Ni tsohon soja ne, na ajiye kaki ina samanja, bayan na ƙarar da ƙuruciyata a bariki. A cikin shekarun nan akwai waɗanda giya ta cinye mini ƙurmus, akwai kuma waɗanda Allah Ya ara mini na tsaya a kan yaran da aka ba ni amanarsu don kada su faɗa ramin da na faɗa. Ina rubuta wannan ne musamman saboda masu igiya, kofur da saje, domin su ne suke kwana suke tashi da ƙananan sojoji. Hafsa yana ganin soja a fareti, amma saje yana ganinsa da tsakar dare.

Mutane suna ɗauka yaƙi ne yake koya wa soja sha. Ni dai na fara tun ban taɓa jin ƙarar harsashin abokin gaba ba. Ranar da aka yaye mu daga horon kurata aka tara mu a mes, wato wurin ci da sha da hira na sojoji a bariki, wani kofur ya miƙo mini kwalba, na ce masa ba na sha. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wanda ba zai sha tare da mu ba, ta yaya za mu ba shi bayanmu a daji?" Maganar ba ta da tushe, domin ba a taɓa tsare ran kowa da kwalba ba. Amma a duba halin yaron da aka gaya wa ita. An raba shi da gida, an aske masa kai, an yi watanni ana cusa masa cewa ransa yana hannun na kusa da shi. Irin wannan yaron ba ya tsoron gwale-gwale, ba ya tsoron yunwa, abin da yake tsoro shi ne a ware shi. Na karɓi kwalbar.

Abin da na waje ba su sani ba shi ne yawancin aikin soja jira ne. A jira umarni, a jira mota, a jira albashi, a jira hutu. In aka tashi daga aiki da yamma, matashi marar iyali ba shi da inda za shi. Wurin da yake da haske da talabijin da hira shi ne mes, kuma a can abin sha ya fi na waje araha. An ƙara wa wani igiya, sai ya saya wa jama'a. An yi wa wani canjin wurin aiki, sai a sha. An dawo daga atisaye lafiya, sai a sha. An rasa wani, nan ma sai a sha. Ban taɓa jin an ba da umarni a sha ba, amma komai an tsara shi ta yadda wanda ba ya sha shi ne baƙo.

Daga baya, da aka tura ni kwas kan kula da lafiyar sojoji, na gane abin ya girmi barikinmu. Rundunar ruwan Birtaniya ta yi sama da shekara 300 tana raba wa mutanenta barasa kullum a matsayin haƙƙinsu, ba ta daina ba sai ranar 31 ga Yuli, 1970. Tarayyar Sobiyet, a yaƙin duniya na biyu, ta yanka wa sojan da yake bakin daga giram 100 na bodka a rana tun daga 1941. Rundunar ruwan Amurka ma sai a 1914 ta hana giya gaba ɗaya a jiragenta, da umarnin sakatarenta Josephus Daniels. Wato rundunoni da kansu suka daɗe suna shayar da soja, da tunanin za ta ɗumama shi, ta ƙara masa zuciya, ta mantar da shi abin da ya gani. Saboda haka in na ji babba yana cewa mashayin soja raunin halinsa ne kawai, raina yana ɓaci. Mutum yana da alhakin abin da ya kai bakinsa, ban musa ba. Amma gidan da ya miƙa masa kofin shi ma yana da nasa kason.

A shekarun farko shan nawa na ƙarshen mako ne da ranar albashi. Har na yi aure ban ɗauke shi matsala ba. Da aka tura mu fagen daga ma ban sha ba, doka ta hana, kuma a can tsoro kaɗai ya ishi mutum. Ba zan ba da labarin abin da ya faru a can dalla-dalla ba. Mun tafi da mutane ba mu dawo da su ba, kuma ɗaya daga cikinsu a kafaɗata ya cika, ina gudu da shi ina yi masa magana ban san ya riga ya tafi ba.

Da muka dawo aka yi mana fareti, aka yi jawabi, aka biya mu alawus ɗinmu da ya taru, aka ba mu hutu. Ba wanda ya tambaye ni komai. Ni ma ban san akwai abin tambaya ba, tunda ƙafafuna biyu da hannuwana biyu suna nan.

Barci ne ya fara guduna. In na kwanta sai kunnena ya buɗe, ina jin motsin kowane abu a gidan. In iska ta buga ƙofa sai na tsinci kaina a ƙasa ina laluben bindigar da ba ta nan. In barcin ya ɗan sace ni, sai in koma wancan gudun, nauyin yana kafaɗata, in farka jiƙe da gumi. Ban iya zama na ba ƙofa baya ba. Kukan ɗana ƙarami, wanda a daji nake mafarkin in sake ji, ya zama abin da yake tayar mini da hankali har in fice daga gidan. Wata rana da dare na sha fiye da yadda na saba, na faɗi kan gado ban san inda kaina yake ba sai safe. Na tashi na ce alhamdulillahi, na samu magani. Wannan shi ne daren da na zama mashayi, ba ranar da kofur ya miƙo mini kwalba ba, domin daga ranar na daina sha don hira, na koma sha don in kwanta.

Maganin bai daɗe yana aiki ba. Ta kan kwantar da ni da wuri, amma can wajen ƙarfe uku na dare sai in farka zuciyata na dukan uku-uku, mafarkin ya dawo ya fi na da muni. Likita ne ya bayyana mini dalili daga baya. Barci matakai ne, kuma akwai matakin da ake yin mafarki a cikinsa, wanda ƙwaƙwalwa take buƙata don ta daidaita abubuwan da suka faru da mutum. Giya tana danne wannan matakin a farkon dare. In ta fara barin jini sai ƙwaƙwalwa ta rama bashin gaba ɗaya, mafarkai su taho da ƙarfi, barci ya yanke. Mai shan ba ya ganin laifin giyar, gani yake ba ta ishe shi ba ne, sai ya ƙara. Jiki kuma yana sabawa, abin da kwalba biyu take yi jiya sai huɗu yau. Haka na yi ta hawa har na kai inda hannuna yake rawa da safe, ba na iya ɗaure igiyar takalmi sai na kurɓa.

A nan ne nake so masu igiya su saurare ni da kyau. Kowa a rukuninmu ya san halin da nake ciki, kuma kowa ya rufa mini asiri. In na makara fareti, wani ya amsa sunana. In warin ya yi yawa, a tura ni layin baya. In gadi ya faɗo kaina ina cikin maye, wani ya karɓar mini. Sajenmu mutumin kirki ne, mun sha wuya tare, yakan ce, "Ku ƙyale shi, ya ga abin da ya gani." Don ƙauna suka yi, ban taɓa shakka ba. Amma duk ranar da aka rufa mini asiri, an ƙara mini rana ɗaya ne ta sha. Kuma ba su da wata hanyar da suka sani. A wurinsu abu biyu ne kawai: ko a yi shiru, ko a kai rahoto, rahoto kuwa ma'anarsa gadurum, yankan albashi, cire igiya, wataƙila kora. Wa zai yi wa ɗan'uwansa haka?

Maiɗakina ma tsakanin waɗannan biyun take. Ta san in ta kai ƙara ofis, abincin 'ya'yanta da ɗakin da suke kwana ta taɓa. Sai ta haɗiye. Sau ɗaya ta yi mini maganar da ta tsaya mini a rai. Ta ce, "Maigida, yaran nan sun gane takunka. In sun ji ka taho daidai sai su fito da gudu, in sun ji ƙafa tana ja sai su shige su yi kamar sun yi barci." Na ji zafin maganar ƙwarai, kuma a daren na sha don in manta da ita.

Akwai wani abokina da muka shiga aiki tare, muka je daji tare, shan nasa ya fi nawa nisa. Wata rana aka same shi a bakin aiki ya yi tatul, wani hafsa ya gani da idonsa, babu damar rufawa. Aka kulle shi a gadurum. Rana ta farko yana rawar jiki yana amai, aka ce giyar ce take sakinsa. Rana ta biyu ya faɗi yana shure-shure, ya farfaɗo, aka ce yana yi ne don a sake shi. A rana ta uku ya fara ihu yana cewa ƙwari suna bin jikinsa, yana ganin mutane a bango, jikinsa ya yi zafi rau, bai gane kowa ba. Kafin a yarda a kai shi asibiti lokaci ya ƙure. Allah Ya jiƙansa.

Babu wanda ya yi niyyar kashe shi. Masu gadin ba su san abin da ni ma ban sani ba a lokacin: mutumin da jikinsa ya dogara da giya, in aka yanke masa ita farat ɗaya, yankewar tana iya kashe shi. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar da ta daɗe a danne takan ƙara ƙarfin aikinta don ta jure. In aka ɗauke dannewar kwatsam, sai ta yi ta gudu babu birki. Rawar jiki da gumi sukan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, farfaɗiya takan zo cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuwa yawanci daga awa 48 zuwa 72. Duk wannan ana iya tare shi a asibiti da magunguna masu sauƙin samu. Abokina ya tsira daga harsashi, ya mutu a ɗakin da ke da 'yan taku kaɗan daga asibitin bariki.

Bayan rasuwarsa shana ya ƙaru. A lokacin ne aka kawo mana sabon samanja, dattijo marar yawan magana. Wata safiya ya sa aka kira ni ofishinsa. Na shiga na ƙame, na riga na sallama cewa igiyata ta tafi. Ya rufe ƙofa ya ce, "Kofur, zauna." Na zauna. Ya ce, "Yaya barcinka?" Na ce, "Lafiya lau, Oga." Ya yi shiru yana kallona, sannan ya ce, "Ni da na dawo daga nawa, na daɗe ban san barcin kirki ba. Awa nawa kake samu?" Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Tun da na dawo, an tambaye ni me ya sa na makara, an tambaye ni me ya sa kakina ya yamutse, amma ba a taɓa yi mini tambayar da ta taɓa ainihin ciwon ba. Da ya ce mini "kana sha?" da na yi masa ƙarya, domin na ƙware a wannan. Bai tambaya ba. Ya ce, "Gobe da safe ni da kaina zan raka ka wurin likita. Ba takarda, ba caji. Amma ka sani, in na same ka da bindiga a hannu kana wari, ni zan kulle ka." Ya cika duka biyun da ya faɗa: ya raka ni, kuma bai taɓa sassauta mini a bakin aiki ba.

Likitan ya ɗauko wata takarda mai tambayoyi goma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989, ana kiranta AUDIT. Tambayoyi ne masu sauƙi: sau nawa kake sha, nawa kake sha a zama ɗaya, ka taɓa buƙatar kurɓa da safe kafin ka iya tashi, ka taɓa wayar gari ba ka tuna abin da ya faru jiya ba, wani naka ya taɓa nuna damuwa. Makin yana tashi daga 0 zuwa 40. Ya ce daga 8 an shiga haɗari, daga 20 kuwa ana zaton jiki ya riga ya dogara da ita. Nawa ya wuce nan. Na ce, "Yallaɓai, daga yau na daina." Ya ce, "A'a, ba haka ake yi ba. A nan za ka daina, a kan gado, ina kallonka." Aka kwantar da ni, ana ba ni diyazefam, maganin da yake kwantar da jiki da ƙwaƙwalwa, ana rage shi a hankali, ana yi mini allurar bitamin B1, domin mashayi yakan rasa shi, rashinsa kuma yana lalata ƙwaƙwalwa. Ina kwance ina tuna abokina.

Fitar da giya daga jini shi ne mai sauƙin. Da ta fita, mafarkin yana nan yana jirana. Likitan ya ce abin da yake damuna ciwo ne sananne, firgicin da yake biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da PTSD, kuma likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun shigar da shi littafinsu a 1980 bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Aka haɗa ni da mai ba da shawara, muka yi ta zama, yana sa ni ina ba da labarin wancan gudun daga farko har ƙarshe, ina maimaitawa, har ya daina kayar da ni. Aka kuma ba ni naltirekson, ƙwayar da take rage kwaɗayin sha. Na taɓa zamewa a tsakani, na koma wurin likitan da ƙafata, bai yi mini faɗa ba, ya ce a ci gaba daga inda aka tsaya. Limaminmu na bariki shi ma ya riƙe ni. Abin da na fi gode masa shi ne bai tsaya gaya mini haramun ne ba, ya san na sani tun ina yaro. Ya tambaye ni me zai yi mini, ya riƙa aiko a kira ni da yamma, daidai lokacin da ƙafata ta saba nufar mes. Na ga faston bariki yana yi wa nasa mutanen irin haka.

A kwas ɗin da na ambata na ga alƙaluman da suka nuna mini ba ni kaɗai ba ne. Masu bincike na King's College da ke Landan sun bibiyi sojojin Birtaniya kusan 10,000 a zamanin yaƙin Iraƙi da Afganistan, suka wallafa sakamakon a 2010: kashi 4 cikin 100 ne suke da alamun ciwon firgicin nan, amma kashi 13 suna shan da ya kai ga cutarwa. Wato giya ta fi ciwon da kowa yake magana a kai yawa har ninki uku. A Amurka, wani rahoto na Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar a 2012 ya nuna sojojin da suke kwankwaɗar kofi biyar ko fiye a zama ɗaya sun tashi daga kashi 35 a 1998 zuwa kashi 47 a 2008. Waɗannan rundunoni ne masu kuɗi da asibitoci, su ma abin ya sha musu kai.

Da Allah Ya sa na zama saje, daga baya samanja, na ɗauki hanyar dattijon nan. Lacca kan illar giya muna yi, amma ban taɓa ganin ta hana kowa ba ita kaɗai. Soja yakan zauna ya ƙame ya saurara, a tashi ya wuce mes. Abin da na ga yana aiki shi ne sa ido a lokutan da aka san ana faɗawa. Na farkonsu makonnin da suke biyo bayan dawowa daga daji, lokacin da aljihu yake cike, aiki ya yi sauƙi, barci ya ƙi zuwa. Kowane yaro nawa da ya dawo, sai na zauna da shi mu biyu, ba sau ɗaya ba, kuma da barci nake farawa. Wanda ya ce lafiya lau amma idonsa ya yi zuru-zuru, sai in ba shi nawa labarin. Sojojin kundumbalar ruwa na Birtaniya sun tsara irin wannan tun ƙarshen shekarun 1990, suna kiransa TRiM: a horar da wasu daga cikin sojojin kansu, ba likitoci ba, su zauna da wanda ya ga tashin hankali bayan kamar kwana uku, su sake zama da shi bayan wata guda, in abin bai lafa ba su miƙa shi ga likita. Hikimar a fili take. Soja ba ya buɗe cikinsa ga baƙo, amma yakan buɗe wa wanda suka kwana rami ɗaya.

Lokaci na biyu shi ne yamma. Na nemi izini muka riƙa buɗe filin ƙwallo da ɗakin motsa jiki har dare, muka samu wani ɗaki mai talabijin da ba a sayar da giya a cikinsa. Ƙaramin abu ne a ido, amma yaron da ba ya so ya sha ya samu inda zai zauna ba tare da ya zama saniyar ware ba. A walimar ƙarin girma na kafa doka ɗaya: ba a miƙa wa kowa kwalba, wanda ya ce a'a ba a sake tambayarsa. Na kori wani kofur daga wurin walima a gaban kowa saboda ya matsa wa kurtu, kuma ban yi nadama ba. Na yi ta jayayya da masu kula da mes a kan lokacin rufewa da kuma ba da bashi, domin soja yakan sha albashin da bai shigo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa cikin abubuwan da suka fi rage sha a ko'ina akwai tsadar giyar da wahalar samunta da hana tallarta. Bariki ba daban yake ba. Ba zai yiwu a sayar wa yaro da ita da araha a bakin ƙofarsa, sannan da safe a yi masa lacca ba.

Wani abu da nake koya wa direbobi da masu gadi shi ne lissafin hanta. Hanta tana ƙone kimanin giram 10 na sinadarin maye a awa ɗaya, wani lokaci ƙasa da haka, kuma babu abin da yake hanzarta ta, ko wanka da ruwan sanyi, ko gudu, ko kofi. Babbar kwalbar giya ɗaya tana ɗauke da kusan ninki biyu na wannan. Wanda ya sha biyar ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare, a faretin safe har yanzu da maye a jininsa, ko da yana jin kansa garau. Shi ne za a ba sitiyarin motar da ta ɗauko mutum talatin, ko a ba shi bindiga da harsashi. Na kuma gargaɗe su kan haɗa ta da tiramadol ko ƙwayoyin barci, domin haɗin yana iya tsayar da numfashi. Wanda ya bugu ya sume kuwa, ba a barinsa shi kaɗai wai ya yi barci ya warware. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, a kira ma'aikacin jinya. Masu gadin gadurum na sa sun haddace cewa duk wanda aka kawo saboda maye, sai likita ya gan shi kafin a rufe ƙofa.

Amma ƙarfin samanja ɗaya yana ƙarewa ranar da aka yi masa canji. Ni sa'a na yi na haɗu da dattijon kirki. Abokina bai yi wannan sa'ar ba, kuma ran soja bai kamata ya rataya a kan sa'a ba. Abin da nake roƙon manyan hafsoshi a kowace runduna shi ne a rubuta a doka cewa sojan da ya kawo kansa neman magani kafin ya aikata laifi ba za a hukunta shi ba, kuma ba za a sa abin a fayil ɗin ƙarin girmansa ba. Rundunar ƙasa ta Amurka ta fara gwada irin wannan a wasu barikokinta a 2009, ta kuma mai da shi tsari a 2019, inda soja zai iya zuwa neman magani da kansa ba tare da an jefa shi cikin shirin dole ba. Wannan ba sassauci ba ne ga wanda aka kama da maye a bakin aiki, ko ya tuƙa mota, ko ya ɗaga hannu a kan iyalinsa. Wannan a hukunta shi, a kuma yi masa magani. Amma in ƙofa ɗaya ce tak, kuma gadurum take kaiwa, kowa zai ɓoye har sai abin ya fashe.

Akwai lokaci na ƙarshe da ba a cika tunawa da shi ba, shi ne ritaya. Ranar da mutum ya miƙa kaki, ya rasa faretin da yake tayar da shi, ya rasa abokan da suka san abin da ya gani, ya rasa sajen da zai ji warinsa. Na san mutanen da suka riƙe kansu duk tsawon aiki, suka rushe bayan sun koma gida. Shi ya sa har yanzu nake bibiyar waɗanda muka yi aiki tare ta waya, matansu kuma suna da lambata. In mace ta kira ni ta ce, "Baba Samanja, abin ya dawo, zan zubar da kwalaben in kulle shi a ɗaki," nakan ce mata kada ta yi. In ya kai ga hannunsa yana rawa da safe, a kai shi asibiti a gaya wa likita gaskiyar yawan abin da yake sha da lokacin da ya sha na ƙarshe. In akwai makami a gidan a fitar da shi tun yau, in kuma yana dukanta ko yaran, ta fara kai su inda za su tsira kafin a yi maganar magani. Sannan ta ba ni shi a waya.